Ƙyallen Tela Ba Shara Ba Ne: Yadda Za Ki Mayar Da Shi Matashi, Bargo Da Darduma

Duk shagon telan da kika leƙa mako guda bayan sallah, za ki tarar da buhu ɗaya ko biyu jingine a lungu, cike da ƙyallayen atamfa, shadda, leshi da yadi. Wasu teloli sukan ba masu cusa filo, wasu su sayar, da yawa kuma a bola suke ƙarewa ko a cinna musu wuta. Alhali a cikin buhun nan akwai rigar matashin kujera, akwai bargon yara, akwai abin sauke tukunya, kuma kuɗin da za ki kashe bai wuce na zare da allura ba.

Sai dai aikin ƙyalle yana da sharaɗin da ake yawan rainawa. Rabinsa ana gamawa ne tun kafin allura ta taɓa yadi, wato wajen tsinta, wanki, guga da yanka. In kika ga aikin ya fito a karkace, ko ya zama tsumma bayan wanki biyu, galibi a nan aka yi sakaci. Saboda haka a nan za mu fi daɗewa.

Inda za ki samo kaya

Ki fara da ɗakinki. Tsohon zani tsakiyarsa ce ke fara mutuwa, wajen zama, amma gefe da gefe yakan kasance da sauran ƙarfi. Akwai ragowar anko da aka cusa ƙasan akwati, rigunan maigida da wuyansu ya cinye, wandon jins ɗin da yaro ya fi ƙarfinsa, da zanen gadon da ya yage a wuri ɗaya. Ki ɗaga kowanne ki hanga ta hasken rana. Inda haske ke wucewa sosai ya mutu, ki yanke ki ware.

Daga nan sai wajen tela. Kada ki je ana saura kwana goma sallah, ba zai saurare ki ba. Ki bari hayaniya ta lafa, ki ba shi buhunki ya riƙa tara miki. Wani abu da ya kamata ku kula da shi ku biyun: ƙyallen da ya yi girma har zai fitar da hular yaro ko hannun riga haƙƙin mai ɗinkin ne, sai da izininsa. Tarkacen da ke zuba ƙasan tebur shi kike nema, kuma ya ishe ki.

Abin da ƙyalle ba zai ba ki ba shi ne babban yadin da za a yi bayan bargo da shi. In babu tsohon zanen gado a gida, gwanjo ne mafita. A Kano akwai Ƙofar Wambai, a Kaduna akwai Kasuwar Barci, kuma kusan kowace kasuwar gari tana da layinta. Duk abin da kika sayo, ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana mai ƙarfi kafin ya kwana a ɗakinki. Kuɗin cizo ba ya sallama kafin ya shigo.

Tsinta, wanki da guga

Ki zazzage buhun a kan tabarma ki kasa uku. Kashi na farko auduga mai kauri ɗaya, irin atamfa da yadin riguna. Na biyu masu nauyi, jins da kaki. Na uku masu santsi da masu miƙewa, irin leshi, boyel da rigunan shan iska. Kada ki haɗa kashi biyu a aiki ɗaya. In kika ɗinka boyel jikin jins, wanki kaɗan mai nauyin zai yage marar nauyin daga bakin ɗinki.

Yanzu atamfar roba ta yi yawa a kasuwa, wata ma ido ba ya rabe ta da ta auduga. Ki yanki ɗan siriri, ki riƙe da awartaki ko tsinken ƙarfe, ki kai bakin wuta a waje, da ruwa a kusa. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take, ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan gwajin yana da amfani sosai, domin duk abin da zai kusanci tukunya ko murhu dole ya zama auduga. Roba in ta narke jikin fata take mannewa.

Sai gwajin zuba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin kowane mai duhun launi, musamman ja, baƙi da shuɗi. In farin ya ɗauki launi, ki wanke wannan shi kaɗai har ruwan ya fita fes. Mata da yawa suna jiƙawa a ruwan gishiri, amma kada ki dogara da shi, gishiri ba ya hana yawancin rinin kamfani zuba. Wanda ya ƙi dainawa, ki tura shi cikin kayan cusa.

Ki wanke komai, har sababbin. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, tsohuwa kuwa ta riga ta gama tsukewarta. In kika haɗa su ba wanki, ranar da kika fara wanke bargon zai tattare wuri-wuri, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi. Ƙananan ƙyallaye ki zuba su cikin tsohuwar rigar filo ki ɗaure baki kafin ki wanke, don kada su warware su sarƙe. Ki goge su tun da sauran danshi. Wanda ya yi laushi da yawa ki ɗan sa masa sitati, ya fi daɗin yanka.

Yanka

Ki sami kwali mai tauri, irin na kwalin taliya ko na sabulu, ki yanka murabba'i mai inci 5 kowane gefe. Ki auna shi sau biyu, ki gwada kusurwoyinsa da kusurwar littafi. Wannan kwalin shi ne ma'auninki, in ya karkace komai ya karkace. Gefensa yana cinyewa da yawan zane, saboda haka ki yi uku tun farko, in ɗaya ya mutu ki ɗauki wani.

Ki kifa ƙyalle, ki ɗora kwalin a bayansa, ki zana da alli ko guntun sabulun da ya sirance. Ki daidaita gefen kwalin da yadda zaren yadin ya miƙe. Yankin da aka yanka a karkace miƙewa yake a ƙarƙashin keke, ya fita daga awo. Bakin atamfa, inda ake buga sunan kamfani, ki yanke shi ki ajiye gefe, saƙarsa ta fi ta sauran tsauri. Kuma almakashin yadi na yadi ne kaɗai. Ranar da yara suka yanka takarda da shi, kaifinsa ya tafi.

Kada yawan yanka ya sa ki tara ƙyalle shida ki datse lokaci ɗaya. Biyu ya isa. Na ƙasa zamewa yake.

Aikin farko: rigar matashin kujera

Da wannan ya kamata ki fara, domin duk abin da za ki buƙata a babban bargo yana cikinsa, kuma in ya ɓaci asarar ba ta da yawa. Kina buƙatar yanki 16 masu inci 5. Za ki riƙa barin rabin inci a kowane bakin ɗinki, kowane yanki ya koma inci 4, matashin ya tashi inci 16 kowane gefe.

Ki jera su a ƙasa, huɗu-huɗu, ki ja da baya ki duba. Atamfa tana da surutu, in kika jera masu manyan zane kusa da juna ido ba ya samun wurin hutawa. Abin da na fi so shi ne a sa mai zane ɗaya, mai launi ɗaya, a yi ta musayawa. Ragowar shadda ko yadin maza marar zane yana yin wannan aikin da kyau in kaurinsu ya zo ɗaya. In kin gamsu da jerin, ki ɗauki hotonsa a waya, don da kin fara ɗauka za ki manta wanne ke bin wanne.

Ki ɗauki na farko da na biyu, ki haɗa fuska da fuska, ki ɗinke gefe ɗaya. Ki ƙara na uku, sannan na huɗu. Layi ɗaya ya samu. Don rabin incin nan ya zama ɗaya ko'ina, ki auna daga allurar keke ki manna guntun salatif a kan farantin, ki riƙa bin gefensa. Wannan ɗan salatif ɗin ya fi ƙwarewar hannu amfani ga mai koyo.

In layuka huɗu sun kammala, sai guga. Bakin ɗinkin layi na ɗaya ki kwantar da su dama, na biyu hagu, na uku dama, na huɗu hagu. Dalili shi ne in kin zo haɗa layi da layi, mahaɗan za su shige jikin juna, kusurwoyi su haɗu cif, kuma kauri ba zai taru wuri ɗaya ya karya allura ba. Ki riƙa danna dutsen guga kina ɗagawa, kada ki ja shi. Ki soka fil a kowace mahaɗa kafin ki ɗinke layukan. In wani yanki ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, ki sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke za su cinye rarar.

Yanzu kina da fuska mai inci 17. Ki yanko tsohon yadi daidai girmanta ki yi mata shafi ta baya, ki bi ta kan layukan ɗinkin ki take su tare. Shafin nan ne ke hana bakunan ciki warwarewa a wanki.

Bayan matashin ba ya buƙatar zif ko maɓalli. Ki yanka yanki 2, kowanne inci 17 da inci 12. Ki kalmashe dogon gefe ɗaya na kowanne sau biyu, rabin inci rabin inci, ki take. Ki shimfiɗa fuskar matashin tana kallon sama, ki kifa yankunan biyu a kanta, kalmasassun bakunan suna hawa juna a tsakiya da kamar inci 5. Ki ɗinke kewaye gaba ɗaya, ki maimaita ɗinki a inda bakunan suka hau juna domin nan ne ake ja. Ki datse kusurwoyi huɗu ba tare da kin taɓa zare ba, ki juyo ta ƙofar, ki turo kusurwoyin da bayan cokali.

Cikin matashin kuma jaka ce kawai ta tsohon zani. Ki yi ta ta fi rigar da inci 1, don ta cika ta tsaya. Za ki iya cusa ɓurɓushin soso daga wajen masu gyaran kujera, ko audugar rimi irin ta iyayenmu, ko tarkacen ƙyalle da kika yayyanka ƙanana. Na ƙyalle ya fi nauyi, yakan kuma dunƙule in yankan ya yi girma. Audugar rimi ta fi laushi, amma ki tsince 'ya'yanta, kuma ki nisanta ta da wuta, kamawa take nan take.

In babu keke

Hannu yana yi, lokaci kawai zai ci. Ki yi ɗinkin koma-baya: ki soka gaba, ki dawo rabin taki baya, ki sake wucewa gaba. Ƙarfinsa bai gaza na keke ba in takun ƙanana ne. Ki zana layin ɗinki da alli ki bi. Zaren kada ya wuce tsawon hannunki, kuma ki ja shi a jikin kyandir sau biyu, ba zai riƙa ƙullewa ba.

Mai keke kuma, Butterfly ce ko tsohuwar Singer ta gado, allura mai lamba 14 ta ishi atamfa, jins da buhu sai 16 ko 18. In kika ga zare yana cukurkuɗewa ta ƙasan yadi, yawanci zaren sama ne bai zauna daidai ba. Ki zare shi ki sake sawa tun daga farko kafin ki kira mai gyara.

Bargo, da lissafinsa

Hanyar ɗaya ce da ta matashi, girma ne ya bambanta. A nan ki yi kwali mai inci 7, kowane yanki ya tashi inci 6. Bargon yaro mai inci 36 da 48 zai ci yanki 48, shida a faɗi takwas a tsawo. Na katifa mai ƙafa 4 da rabi a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, in kina so ya ɗan zubo ta gefe, sai inci 72 da 90, wato yanki 180.

Ki tsaya ki dubi wannan adadin kafin ki ɗauri niyya. Yadi ɗaya na atamfa, mai tsawon inci 36 da faɗin kamar inci 45, yanki 30 yake bayarwa. Ke nan yanki 180 daidai yake da yadi 6, turmi guda cur. Ba ƙyallen mako ɗaya ba ne. Mata da yawa a nan suke sarewa, su bar rabin bargo a leda shekara da shekaru. Shawarata ki fara da na yaro. Babban kuwa ki riƙa yanka kina tarawa a kwali, in sun cika sannan ki zauna ɗinki. Kuma ki haɗa shi kashi-kashi, kamar huɗu, daga baya ki haɗe kasusuwan, ya fi jan dogon layi mai yanki 15 sauƙin sarrafawa.

In fuska ta kammala, ki share tsakar ɗaki. Ki shimfiɗa zanen da zai zama baya, fuskarsa a ƙasa, ya fi fuskar bargon da inci 2 ta kowane gefe. In na hunturu ne, ki ɗora tsohon bargo marar nauyi a tsakiya. In na shimfiɗa ne kawai don ado, ki bar shi biyu, zafin bazara ba ya son uku. Ki ɗora fuskar a sama, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ki kama duka da manyan taku na wucin gadi, su ma daga tsakiya. In kika fara daga gefe, iska da rara za su taru a tsakiya su yi tozo.

Hanya mafi sauƙi ta haɗe su dindindin ita ce ɗauri. Ki sa zare mai kauri a babbar allura, a kowace mahaɗar kusurwa huɗu ki soka ƙasa ki fito, ki sake, ki ƙulla sau biyu, ki datse. Na jarirai kam gara ki bi layuka da keke, kada yatsa ya ja zare ya kai baki. Daga ƙarshe ki datse na tsakiyar daidai da fuska, ki naɗo rarar bayan ta hau kan fuskar, ki kalmashe ki take kewaye.

Dardumar tsofaffin riguna

Masu miƙewar nan da muka ware, ga ranarsu. Ki yanka rigar shan iska a kwance daga ƙasa zuwa hammata, faɗin inci 2, ki tsinka kowane zobe ya zama tsiri. In kika ja shi zai naɗe kansa ya zama igiya. Ki kama uku ki ɗinke kansu, ki maƙala a ƙusa ko ƙafar gado, ki yi ta kitsawa ba tare da kin tsananta ja ba. In tsiri ya kusa ƙarewa, ki ɗan tsaga bakinsa da bakin sabo, ki zura ɗaya cikin ɗaya ki ja. Ki sa tsawonsu ya bambanta don kada mahaɗa uku su faɗo wuri ɗaya.

Naɗin kamar ɗinkin faifai ne, daga cibiya ake farawa ana kewayawa ana kamawa da zare mai ƙarfi ta baya. Abin kiyayewa ɗaya ne: a kan daɓe ko tebur za ki yi, ba a cinya ba, kuma ki saki kitson a wajen kwana. In kika matse, gefen zai tashi sama, darduma ta ƙi kwanciya. In doguwa kike so, ki cire faɗi daga tsawo, abin da ya rage shi ne tsawon layin tsakiya. Mai inci 36 da 24, da miƙaƙƙen inci 12 za ki fara. A kan tayil tana zamewa, ki ɗinka mata guntun tsohuwar tabarmar roba a ƙasa, musamman in akwai tsofaffi a gidan.

Buhun shinkafa kuwa jakar cefane ce da ta kusa haɗuwa da kanta. Ki wanke, ki rage tsawonsa, ki kalmashe baki sau biyu domin warwarewa yake da an yanka, ki yi hannaye da ƙafar jins, ki ɗinka su da dogayen taku, ki yi gicciye a gindin kowane hannu. Kada dutsen guga ya taɓa shi. Buhun taki ko na maganin ƙwari kuma kada ki kusantar da shi ga abinci ko an wanke.

Inda tarkacen ƙarshe zai tafi

Bayan duk wannan za a bar ki da tulin ɓurɓushin da bai kai yatsa ba, da waɗanda suka ƙi daina zuba. Su ne za su rage miki kuɗin gawayi da gas, domin da su za ki yi kwandon da ke riƙe zafin tukunya har abinci ya ƙarasa nuna ba wuta. Ki sami kwando ko kwali mai ƙarfi da ya fi tukunyarki faɗi da kamar inci 4 ta kowane gefe. Ki ɗinka matasai uku da yadin auduga: ɗaya na ƙasa, dogo ɗaya da zai kewaye tukunya, ɗaya na rufewa. Ki cusa su da tarkacen, kaurin ya kai inci 3 zuwa 4. Dabarar tsohuwa ce, a Afirka ta Kudu ma an mayar da ita sana'a da sunan Wonderbag tun 2008.

Ki tafasa shinkafa minti 5 a wuta, da murfi mai kamawa, ki sauke, ki duba babu garwashi a gindin tukunya, ki sa ta ciki ki rufe. Cikin minti 45 zuwa awa 1 ta nuna, ba ƙonewa ba kamu. Ki ɗan rage ruwa, tun da tururi ba ya fita. Wake ki jiƙa shi, ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan ya yi awa 2 zuwa 3 a ciki. Tukunyar ta kusa cika, domin rabin tukunya saurin hucewa take, kuma kada a riƙa buɗawa ana leƙe. Ki shimfiɗa tsohon tawul na auduga tsakanin tukunya da matasan, shi za ki riƙa cirewa kina wankewa. In abincin ya daɗe har ya koma ɗumi-ɗumi, musamman shinkafa da nama, ki mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a zuba wa kowa.